Rufaida: Wa Ya Ce Baƙon Suna Ne?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kuma sanar da shi sunayen abubuwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa maza da mata, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wani al'amari da ya auku a ƙofar gidan ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu. Mai yiwuwa wani ya ce ƙaramin abu ne, amma mu a wurinmu ya tono wata cuta da ta daɗe tana cin gidajenmu ba mu farga ba.

Allah Ya azurta wannan ɗan'uwa da 'ya mace, bayan maiɗakinsa ta yi haihuwa biyu ba su zauna ba. Naƙudar ta zo da gardama har sai da aka kwasa zuwa asibiti, inda wata malamar asibiti, Musulma, ta tsaya a kanta tun daga magariba har ketowar alfijir ba ta runtsa ba. Da Allah Ya sauke ta lafiya, sai mijin ya ƙudura a ransa cewa jaririyar za ta ci sunan Rufaida, sahabiyar nan mai jinyar masu rauni a masallacin Manzon Allah (S.A.W.).

Ranar suna da asuba aka shimfiɗa tabarmi, aka fito da goro da dabino, rago yana ɗaure a gindin darbejiya. Limamin unguwa ya karkato kunne, uban jaririya ya raɗa masa sunan. Liman ya yi jim, sannan ya dubi wan mahaifin yaron, wanda shi ne babba a gidan, ya ce, "Alhaji, ka ji abin da ɗanka ya zaɓa?" Da dattijon ya ji sai ya ce, "Haba ɗana! Wannan kuma wane irin suna ne? Mu a zuriyarmu ba mu gaji wannan ba. Ina Hadiza, ina Amina, ina sunan uwar da ta haife ka?" Ɗan'uwan namu ya russuna ya ce, "Baffa, a yi mini aikin gafara, sunan sahabiya ne." Liman ya karɓe zancen ya ce, "Ni dai ban ci karo da ita a karatuna ba. Ga shi kuma yana kama da Rafilanci. A bar shi ya fi alheri."

Domin gudun ɓata zumunci ɗan'uwanmu ya haƙura, aka mayar da sunan mahaifiyarsa, sanƙira ya shelanta, aka yi addu'a aka watse. Ba mu ga laifinsa ba. Amma ku ji abin da ya biyo baya. Kafin hantsi, tsofaffin cikin gida sun ce uwar mai wabi ce, saboda haka suka laƙaba wa jaririya Ayashe. Kafin la'asar, ƙawayen da suka zo yinin suna sun ce ai mai jego ba za ta iya kiran sunan surukarta gatsal ba, sai ɗaya ta buɗe waya ta zaƙulo wani suna, wai na wani kogi ne a Aljanna, nan take aka karɓe shi da guɗa. Rana ba ta faɗi ba sai da yarinya ta tashi da suna uku: ɗaya ba za a kira ta da shi ba saboda kunya, ɗaya na camfi, ɗaya kuma ba wanda ya san daga inda ya fito. Wanda uban ya zaɓa da sani da hujja, shi kaɗai aka kora daga zaure.

MA'ANAR SUNAN

Mu fara da amsa wa Malam liman cikin girmamawa. Allah gafarta Malam, Rufaida da "dal" ake rubuta shi, ba da "lodi" ba, kuma duk wanda ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo ya san waɗannan haruffa biyu ba su haɗa hanya ba. Kalmar da Malam yake tsoro ta fito daga ra, fa, lodi, wadda take nufin ƙin abu da yasar da shi. Lodin nan ne harshenmu ya mayar "la" a cikin alƙali da alwala da farilla da larura. Shi kuwa Rufaida tushensa ra, fa, dal, kuma ma'anar wannan tushe a Larabci tana kewayawa ne a kan kyauta da tallafi da tokare abin da yake shirin faɗuwa.

"Rifdu" ita ce gudummawar da ake ba mabuƙaci. "Rafid" shi ne kogin da yake kwararowa cikin wani yana ƙara masa ruwa. "Rifada" ita ce muƙamin nan na ciyar da alhazai a Makka, wanda Ƙusayyu ɗan Kilabu, kakan Manzon Allah na huɗu, ya ɗora wa Ƙuraishawa, kowa ya fitar daga dukiyarsa a kowace shekara a dafa wa baƙin Ɗakin Allah abinci. Daga baya muƙamin ya koma hannun Hashimu, sannan Abdulmuɗɗalabi. Abin da ya fi ban sha'awa kuma, masana lugga irin su Ibnu Manzur, mai Lisanul Arab, sun kawo cewa "rifada" har ila yau sunan ƙyallen da ake ɗaure rauni da shi ne.

Rufaida kuwa sigar ƙaranta suna ce, wadda malaman sarfu suke kira tasgiri, irin ta Nusaiba da Umaima da Juwairiyya. Larabawa suna yin ta don nuna so da tausasawa, kamar yadda Bahaushe yake cewa 'yar lele. Ke nan, in za a juya sunan da harshenmu sai a ce 'yar gudummawa ko 'yar tallafi. Don Allah, a cikin wannan ina abin gudu? Wane uba ne ba ya fatan 'yarsa ta zama mai tallafar na ƙasa, mai ɗaure raunin wanda aka jikkata?

WACE CE RUFAIDA?

A watan Shawwal na shekara ta 5 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 627 Miladiyya, rundunonin ƙawance kimanin mutum 10,000 suka yi wa Madina ƙawanya, Musulmi kimanin 3,000 suna bayan ramin da suka haƙa bisa shawarar Salmanul Farisi (R.A.). Wannan shi ne yaƙin Gwalalo. A cikin waɗannan kwanaki Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.), shugaban ƙabilar Ausu, ya fito sanye da sulken da bai rufe masa hannu ba, har Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta lura ta yi wa mahaifiyarsa magana. Abin da ta ji tsoro kuwa shi ya faru: wani Baƙuraishe mai suna Hibbanu ɗan Ariƙa ya harbe shi da kibiya, ta tsinka masa babbar jijiyar hannu.

Ibnu Is'haƙ, kamar yadda Ibnu Hisham ya kawo a cikin Sira, ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni a kai Sa'adu cikin hemar wata mata 'yar ƙabilar Aslam ana ce mata Rufaida, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Wannan hema, wato tanti, a cikin masallacinsa take. An siffanta matar da cewa tana yi wa masu rauni magani, kuma ta sadaukar da kanta, don neman lada, ga hidimar duk Musulmin da ya rasa mai kula da shi. Imamul Buhari ma ya ambace ta da sunanta a cikin Al-Adabul Mufrad, ta hanyar Mahmudu ɗan Labidu, inda aka nuna Manzon Allah yakan biya safe da yamma ya tambayi Sa'adu yadda ya kwana da yadda ya wuni. Ibnu Sa'ad a cikin Ɗabaƙat ya kawo wannan labari na hema da jinyar Sa'adu, sai dai shi ya kira matar Ku'aiba 'yar Sa'ad, ya ƙara da cewa ta halarci Haibara.

Ku dubi wannan al'amari da idon basira. Sa'adu shi ne wanda ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Al'arshin Ubangiji ya girgiza saboda mutuwarsa. Ranar da aka jikkata irin wannan gwarzo, ga manyan sahabbai maza cike da gari, amma wurin mace aka kai shi, saboda ita ce ta iya aikin, kuma a cikin masallaci mafi daraja bayan na Makka aka kafa mata hema. Ba ita kaɗai ba ce. Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu ta ba da labari a Buhari cewa sukan fita tare da Manzon Allah suna shayar da mayaƙa suna jinyar masu rauni. Ummu Aɗiyya ta faɗa a Muslim cewa ta halarci yaƙi 7 tana irin wannan hidima. A ranar Uhudu kuma Nana Faɗima (R.A.) ce ta ƙona guntun tabarma ta liƙa tokar a raunin mahaifinta har jini ya tsaya.

To, wannan ita ce matar da aka ce ba a san ta ba a zauren Musulmi.

DON ME SUNAN YA YI ƘARANCI A WAJENMU?

Gaskiya ne, in ka shiga gidajen iyayenmu da kakanninmu da wuya ka ji Rufaida, kuma ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne al'adar mayar da suna. Bahaushe yana sa wa 'yarsa sunan uwarsa, ko gwaggonsa, ko surukarsa, ko matar malaminsa, saboda haka sunayen mata suka yi ta kewayawa a tsakanin 'yan kaɗan: Faɗimatu, A'ishatu, Hadizatu, Aminatu, Hauwa'u, Zainabu, Maryamu, Halimatu da makamantansu. Waɗannan sunaye ne masu albarka, babu mai raina su sai jahili. Dalili na biyu, karatun zaurenmu ya fi ƙarfi a fiƙihu da lugga da waƙoƙin yabo. Almajiri zai sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ya haddace Ishiriniya, bai taɓa buɗe littafin da ya tattara rayuwar sahabbai mata ba. Sunan da ba a karanta ba kuwa, ta ina za a raɗa shi?

Sai da makarantun Islamiyya suka yawaita a shekarun 1970 da 1980, matan aure suka fara zuwa makarantun dare, ɗalibanmu suka riƙa dawowa daga Madina da Azhar da littattafan Sira, sannan aka fara jin Sumayya da Nusaiba da Haulatu da Rumaisa'u a ajujuwan 'yan mata. Rufaida ta biyo wannan ayari daga baya, kuma gwargwadon abin da muke gani ta fi samuwa a birane, a karkara kuwa har yau baƙuwa ce. Saboda haka baƙuncin sunan nan shaida ne a kan gajartar karatunmu, domin kimanin shekara 1,200 ke nan yana rubuce cikin littattafanmu. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

GA MASU CEWA "BA MU GADA BA"

Iyayenmu, muna girmama ku, kuma Allah Ya wajabta mana yi muku ladabi, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. An taɓa faɗin irin wannan magana taku a gaban Manzon Allah (S.A.W.) a kan suna, ku ji yadda ta ƙare. Buhari ya ruwaito cewa kakan Sa'idu ɗan Musayyib, babban malamin tabi'ai, sunansa Haznu, wato ƙasa mai tsauri da wuyar tafiya. Manzon Allah ya so ya mayar da shi Sahlu, wato mai sauƙi, sai ya ce shi ba zai canja sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu da bakinsa ya shaida cewa tsaurin nan bai gushe ba a cikin zuriyarsu bayan haka.

Muslim kuma ya ruwaito cewa wata 'yar Sayyidina Umar sunanta Asiya, mai "ain" da "sodi", wato mai saɓo, Manzon Allah ya mayar da ita Jamila. Wannan daban yake da Asiya matar Fir'auna, mai "alif" da "sin". Wanda ya damu da ma'anar suna har haka, me kuke tsammani zai ce game da Ayashe da Ajuji da Ajefas? Ku tsaya ku fassara su. Cewa ake yi a yashe ta, a kai ta juji, a jefar da ita, wai don mutuwa, ko aljanar da ake zargi da ɗauke 'ya'ya, ta zaci ba a son yarinyar ta ƙyale ta. Subhanallahi! Mala'ikan mutuwa ne za a yi wa wayo da suna? Ajali yana hannun Allah Shi kaɗai, kuma duk wanda ya ƙudurce cewa mummunan suna yana tsare rai, to ya binciki tauhidinsa. Sannan yarinyar nan za ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ana kiranta abin yasarwa, alhali Allah Ya hana jifan juna da munanan laƙubba a cikin Suratul Hujurati. Wannan shi ne gadon da ake karewa har ake korar sunan sahabiya?

In kuwa magana ta gado ce, to ga gadon da ya fi cancanta a riƙe. A shekarar 1793, a Degel, aka haifa wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tagwaye, mace da namiji. Namijin aka sa masa Hassan. Bisa al'adar da kowa ya sani, macen Hassana ko Usaina za ta ci, amma Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar wadda ta yi ɗawainiyar guzurin Hijira. Wannan jaririya ita ce Nana Asma'u, wadda ta rayu har 1864, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jagororin mata da ake kira jaji, ilmi ya shiga ƙauyuka ta hannunsu. Shehu bai ce "ba mu gada ba".

GA MASU FARAUTAR BAƘON SUNA

Kada 'yan zamani su yi murna, domin in an bi ta ɓarawo sai a bi ta mabi sawu, kuma cutarku ta fi ta tsofaffi yaɗuwa a yau. Su sun ƙi suna saboda ba su san shi ba, ku kuwa kuna son suna saboda ba a san shi ba, amma ku duka ba wanda ya tambayi ma'ana. Burin uwa a yau shi ne a ce 'yarta ce kaɗai mai wannan suna a unguwa, tamkar gasar leshi da atamfa ranar biki.

Ƙofar da wannan ɓarna take shigowa ita ce ƙofar sakaya suna. Uba ya raɗa sunan mahaifiyarsa da asuba, ya yanka rago, ya ɗauka ya gama aikinsa. Amma tun da daga shi har matarsa ba mai iya kiran sunan, sai ita da ƙawayenta su zaɓo na kira, ba malam ba shawara, daga fim ɗin Indiya da aka fassara, ko wasan kwaikwayon Turkiyya, ko jerin sunayen da suke yawo a wayoyi. Wannan na biyun shi ne zai bi yarinya har kabari, na ragon kuwa sai a takardar makaranta. Shi ma ba a bar shi lafiya ba: A'isha ta koma Aeeshart, Faɗima ta koma Pherteemah, sunayen matan Annabi da 'ya'yansa sun zama abin wasa da haruffa.

Ku zo mu buɗe ƙamus. Huyam, mai daɗi a kunne, a Larabci haukan soyayya ne, kuma sunan wata cuta ce da take kama raƙumi ya yi ta shan ruwa ƙishirwa ba ta barinsa. Fatin mai fitinar mutane ce. Shadiya mawaƙiya ce. Nahid siffa ce ta jikin budurwa wadda kunya ba za ta bar mu mu fassara ta a nan ba. Puja kuwa, da ake ji a fina-finai, sunan ibadar da mabiya addinin Hindu suke yi wa abin bautarsu ne. Ba kowace kalmar Larabci ce sunan Musulunci ba, Abu Jahil ma da Larabci yake magana. Haka nan ba kowace kalma da ta zo a Alƙur'ani ce ta dace da suna ba, domin a cikinsa akwai Fir'auna da Hamana da Ƙaruna. Ibnul Ƙayyim, a littafinsa Tuhfatul Maududi, wanda ya rubuta a kan hukunce-hukuncen jariri, ya kawo cewa Imamu Malik ya karhanta a sa wa yaro Yasin. In limamin gidan Hijira ya yi taka-tsantsan da sunan sura sukutum, ina ga mai tsintar kalma daga tsakiyar aya don amonta ya yi masa daɗi?

Mafi muni shi ne ƙaryar nan ta "kogi a Aljanna" da "fure a Aljanna" da ake liƙa wa duk sunan da aka rasa ma'anarsa. Aljanna gaibu ce, ba a sanin abin da yake cikinta sai ta hanyar wahayi. Alƙur'ani ya ambaci Kausar da Salsabil da Tasnim, hadisi ingantacce ya ambaci Rayyan, ƙofar masu azumi, da 'yan kaɗan makamantansu. Wanda ya zo da wani suna ya ce na kogin Aljanna ne, sai ya kawo aya ko hadisi, in ba haka ba ya sani ya yi wa Allah ƙarya a kan gidan rahamarSa, don kawai a yi guɗa ranar suna.

LAIFI TUDU NE

Yanzu kuma mu juyo kanmu, mu masu da'awar bin Sunna, kada mu taka namu mu hango na wani. Akwai abu biyu da ya kamata mu ji kunyarsu.

Na farko, wasu masu wa'azinmu, saboda ɗoki, sun fara yi wa Rufaida ƙarin gishiri: wai ta buɗe makarantar koyon jinya ta farko a duniya, wai ta rubuta dokokin aikin asibiti. Littattafan da muka ambata a sama ba su faɗi haka ba, kuma mu da muke tambayar mutane isnadi a kan kowace magana, bai dace a kama mu muna yaɗa labari marar sanadi ba. Abin da ya tabbata ya ishe ta ɗaukaka. Ɗaliban jinya a ƙasarmu sun haddace labarin Fulorans Naitingel, Baturiyar Ingila da ta je jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya a 1854, wadda ake bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya a ranar haihuwarta, 12 ga Mayu. Ba mu tauye mata haƙƙinta ba, ta yi aiki. Amma tsakanin hemar Rufaida da tafiyar wannan Baturiya akwai shekara 1,227, ga shi 'ya'yanmu sun san ta bayan ba su san ta farkon ba. Laifin wa?

Na biyu ya fi ciwo. A cikinmu akwai wanda zai sa wa 'yarsa Rufaida yana alfahari, amma ranar da ta gama sakandare ta ce tana son karatun jinya ko ungozoma ko likita, sai ya ce atafau 'yarsa ba za ta yi aikin asibiti ba. Shi ne kuma dai, ranar da matarsa take naƙuda, zai tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa yana faɗa wai namiji ba zai taɓa masa iyali ba, ko ma ya hana ta zuwa awo gaba ɗaya, ta kwana biyu a durƙushe a ɗaki har jini ya ƙare, ko ta tashi da yoyon fitsari. Ya ɗan'uwa, matan da kake so su duba matarka, daga sama za su faɗo? 'Ya'yan wa kake so su yi karatun in ba naka da namu ba? Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, wato fiye da mace 200 a kowace rana. Mu masu zuwa jana'iza mun san unguwannin da ake fitar da waɗannan gawarwaki. Malaman Musulunci tun na da sun lissafa ilmin magani cikin farillan kifaya, wanda in al'umma ta rasa masu isar mata a cikinsa kowa ya shiga cikin laifi. In matsalar cakuɗuwa ce da rashin sutura a makarantu da asibitoci, to aikinmu ne mu gina namu, mu kuma matsa a gyara na hukuma. Mun iya tara kuɗi mu gina masallacin Juma'a a kowace unguwa, alhali Manzon Allah a cikin nasa masallacin ya ba mai jinya wuri.

KIRANMU

Ga iyaye maza: raɗa suna haƙƙinku ne, kuma amana ce a wuyanku. Kuna da wata tara na ciki da kwana bakwai bayan haihuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tambayi malamin da ya san Larabci ma'anar suna, da yadda ake rubuta shi, da wanda ya taɓa ɗaukarsa, sannan ku je wa manyanku da bayani tun kafin ranar taro, don kada a yi ja-in-ja a kan tabarma. In kun mayar da sunan mahaifiya, to ku zauna da iyalinku ku zaɓi na sakayawa tare, da irin kulawar da kuka ba na farko.

Ga limamanmu: in aka raɗa muku sunan da ba ku sani ba, cewa "a ba ni lokaci in duba" ba ya rage darajar malami, Imamu Malik da kansa an san shi da yawan faɗin bai sani ba. Ga makarantunmu na Islamiyya kuwa, a sanya tarihin sahabbai mata cikin manhaja, kada wata yarinya ta sauke karatu ba ta san mai sunanta ba.

Shi kuwa ɗan'uwanmu, mun ba shi shawara ya bar sunan mahaifiyarsa yadda aka raɗa, ya mayar da Rufaida ya zama na kira a maimakon waɗancan biyun, tun da shari'a ba ta hana mutum suna fiye da ɗaya ba. Mun kuma ce ya ɗauki wannan fitowa ya kai wa Baffa da Malam liman, ya karanta musu cikin ladabi. Sauran jarrabawa tana nan tana jiransa, ranar da yarinyar za ta zo masa da takardar neman shiga makarantar jinya.

Allah Ya raya ta bisa tafarkin mai sunanta, Ya saka wa malamar asibitin nan da alheri, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta.